Tokarin Ƙarfe a Wurin Gini: Zaɓarsa, Kafa Shi da Sauke Shi

Ranar zuba dekin ranar biki ce a wurin gini. Tun da asuba injin kwaɓa kankare yake ruri, leburori sun yi layi da kwanon sarki a ka, mai abinci ta kafa tukunyarta a inuwa, mai gida yana tsaye da hula a ƙeya yana ƙirga buhunan siminti. Idon kowa yana sama. Ɗaiɗaiku ne suke sunkuyawa su leƙa ƙarƙashi, inda sanduna suke jere cikin duhu-duhu, alhali duk abin da ake zubawa, da mutanen da suke zuba shi, a kan sandunan nan suke zaune. Ɗanyen kankare ba ya iya riƙe kansa, balle ya riƙe wani. Kafin ya yi ƙwari, tokari ne ginin.

Ni da idona na ga abin da sakaci da shi yake jawowa. Shekarun baya, a ginin wani yayana, an kafa tokari a kan ciko, aka ɗora ƙafafunsa a kan gutsattsarin bulo. Cikin dare aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe aka ce ai an riga an tara leburori, ba za a fasa ba. An zuba kamar rabin falo sai muka ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Wani dattijon kafinta da ke tsaye a bakin ƙofa ya ɗaga hannu ya yi tsawa: "Ku tsaya! Kowa ya sauko!" Da aka leƙa, bulo uku sun dagargaje, ƙafafun tokari sun nutse cikin laka, tsakiyar dekin ya yi ciki kamar yatsa uku. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo, amma sai da aka kwashe kankaren nan tun yana ɗanye, aka yi asarar siminti da kuɗin aikin yini guda. Da yamma na ce da dattijon, "Baba, yaya aka yi ka ji kafin kowa?" Ya ce, "Ɗana, su suna kallon sama, ni ina sauraren ƙasa." Tun daga ranar na ɗauki maganar tokari da muhimmanci, kuma abin da na koya shi nake son in shimfiɗa a nan.

Mene ne shi, kuma daga ina?

Tokare rufi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun san gwafa, sun san yadda ake sa ta ƙarƙashin azarar da ta fara saki. Har yau yawancin dekin da ake yi a Kano da Zariya da Katsina a kan gora ko itacen turare ko katako ake yin sa. Aibinsu dai sananne ne: kowane sai an yanka shi daidai tsawon wuri, idan ya gaza a yi masa ƙari da kusa ko a cusa masa dutse a ƙasa, kaurinsu ba ɗaya ba, kuma bayan aiki biyu ko uku sun zama makamashi.

Wannan matsala ce ta sa wani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna William de Vigier, wanda ya isa Landan a 1935, ya fito da tokarin ƙarfe da mutum ɗaya zai ɗauka, ya tsayar, ya daidaita tsawonsa ba tare da zarto ko guduma ba. A 1936 ya kafa kamfanin Acrow, sunan da ya samo daga na lauyansa, Arthur Crowe. Shi ya sa har gobe magina a ƙasashe da dama, har da Najeriya, suke kiran kowane tokarin ƙarfe da wannan suna, ko da wani kamfani ne ya ƙera shi.

Ƙirarsa mai sauƙi ce. Bututu ne biyu, ƙarami cikin babba. Na asali, babban kaurinsa milimita 60 ne, ƙaramin milimita 48. Ƙaramin bututun yana da huji jere da juna. A wuyan babban akwai zare irin na noti, da zobe mai hannu da ake murɗawa a kansa. Sai sakata, wato guntun ƙarfen da ake sokawa cikin huji ya zauna a kan zoben. Kowane ƙarshe yana da faranti mai kusurwa huɗu, kimanin santimita 15, da ramukan kusa. Da sakata ake neman tsawo a dunƙule, da zobe kuma ake gyara shi har ya zo daidai da milimita. Duk nauyin da ke sama yana bi ta ƙaramin bututu, ya sauka kan sakata, daga nan zobe, sai babban bututu, sai ƙasa. Wanda ya riƙe wannan hanya a kansa ya san inda zai duba.

Zaɓar girma

Girma biyar ne aka sani a ƙirar Ingila. Lamba 0 yana tashi daga mita 1.04 zuwa 1.83, lamba 1 daga 1.75 zuwa 3.12, lamba 2 daga 1.98 zuwa 3.35, lamba 3 daga 2.59 zuwa 3.96, lamba 4 kuma daga 3.20 zuwa 4.88. Waɗanda ake shigowa da su daga wasu ƙasashe awonsu yakan ɗan bambanta, don haka ka tafi da tef ɗinka ka gwada.

Abin da ya kamata ya zauna maka shi ne: gwargwadon yadda ka zaro tokari, gwargwadon yadda ƙarfinsa yake raguwa. Ɗauki karan dawa guntu ka danna shi a tsaye, zai jure. Ɗauki dogo ka danna, nan da nan zai yi baka ya karye. A lissafin injiniyoyi, siririyar sanda idan aka ninka tsawonta biyu, nauyin da za ta ɗauka kafin ta lanƙwashe yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka kada ka zaɓi wanda sai an zare shi ƙarshe zai kai. Zaɓi wanda zai kai yana da saura mai yawa a ciki.

Ga misali. Daga daɓe zuwa ƙarƙashin dekin mita 3 ne. Cire kaurin falanki ko filawud, da ƙananan katakon da ke ƙarƙashinsa, da babban katakon da ke ɗauke da su, da katakon shimfiɗa na ƙasa. Duka za su ci kusan santimita 25, saura mita 2.75. Lamba 1 zai kai, amma ya kusa ƙurewa. Lamba 3 kuwa kaɗan aka zaro shi, yana tsaye da cikakken ƙarfinsa. Shi ya fi dacewa.

Sannan ka lura da kaurin ƙarfen kansa. A kasuwa akwai masu nauyi, akwai marasa nauyi da aka yi da siririn bututu don ƙaramin aiki, akwai kuma waɗanda masu walda suke haɗawa a gida. A ido duk kamarsu ɗaya, musamman idan sun sha fenti. Ɗaga ka ji nauyinsa a hannu, ka leƙa bakin bututun ka ga kaurin ƙarfen. Kamfani na kirki yana bayar da takardar da ke nuna nauyin da tokarinsa zai ɗauka a kowane tsawo. Nemi wannan takarda ka kai wa injiniyanka. In babu ita, ɗauke shi a matsayin mai rauni, ka ƙara yawansa.

Dubawa kafin ya shiga aiki

Ko saya ka yi a Ƙofar Ruwa, ko haya ka ɗauko, kada ka yarda a loda maka a mota a dunƙule. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ware yini guda kafin aiki, a baje su a fili, a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kwantar da shi a daɓe ka mirgina, ko ka sa ido daga ƙarshe zuwa ƙarshe kamar mai duba gorar mashi. In ya karkace, ware shi. Wanda aka miƙar da guduma ko da wuta ba ya komawa yadda yake. Duba farantai biyun, su kasance a shimfiɗe, waldarsu ba tsaga. Murɗa zoben daga ƙasa har sama, ya tafi da hannu ba sai da duka ba. Duba hujin, idan sun wage sun zama dogaye, alama ce ta an taɓa ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ƙwanƙwasa gindin babban bututun, domin nan ruwa yake kwanciya tsatsa ta ci shi ta ciki.

Sai sakata, wadda ita ce mafi ƙanƙanta kuma ita aka fi cin amanarta. Ta asali da ƙarfe mai tauri na musamman ake yin ta, kuma tana ɗaure da sarƙa don kada ta ɓata. Idan ta ɓata, abin da aka saba gani shi ne a yanko guntun rodi ko a haɗa kusa inci shida guda biyu a soka. Wannan ganganci ne. Duk nauyin da ke kan tokari ta wannan ɗan ƙarfe yake wucewa, kuma rodi yakan lanƙwashe a hankali, kusa kuwa tsinkewa take yi farat ɗaya. Tokarin da ba shi da sakatarsa, a mayar wa mai shi.

Nawa ake bukata?

Mutane suna raina nauyin kankare saboda a kwano-kwano suke ganin ana hawa da shi. Mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi na kankare yana da nauyin kilo 2,400. Dekin mai kaurin inci shida, wato santimita 15, kowace murabba'in mita kilo 360 ce. Ɗaki ƙafa 12 sau 12, wanda yake kusan murabba'in mita 13, kankarensa kaɗai ya kai kilo 4,600 da ɗoriya, daidai da buhun siminti 93 a jibge a kan falanki. Ƙara katako da rodi da mutane da baro, a yi musu kilo 200 a kowace murabba'in mita, sai ka ga ɗaki ɗaya ya haura tan bakwai.

Idan aka jera tokari da tazarar santimita 90 ta kowane ɓangare, ɗakin zai ci 25, kuma kowane na tsakiya yana ɗauke da kusan kilo 450. Idan aka buɗa tazarar zuwa mita 1.2, guda 16 ne, amma nauyin kowane na tsakiya ya haura kilo 800. Tokari mai kyau zai iya da wannan, sai dai katakon da ke kansa fa? Sau da yawa katakon ne yake fara saki tsakanin tokari da tokari, dekin ya fito da tudu da kwari. Da irin katakon biyu-da-huɗu da ake samu a Na'ibawa ko Rijiyar Lemo, tazarar santimita 90 ta fi kwanciyar hankali. Ƙarƙashin bim kuwa a matso da su sosai, domin bim yana ɗauke da nauyin kansa da na dekin da ke gefensa biyu. Wannan lissafi na fahimta ne. Tsarin ƙarshe, musamman a gidan sama ko zaure mai faɗi, aikin injiniya ne mai rajista da hukumar COREN, kuma kuɗin da za ka ba shi bai kai na dekin ɗaya da ya lalace ba.

Ƙasa ita ce farko

Farantin ƙasa tafin hannu biyu ne kacal. Ka ɗora rabin tan a kan wuri ƙarami haka, in ƙasar ba ta da ƙarfi dole ya nutse. Mafi kyau shi ne a fara zuba kankaren daɓe, ya bushe, sannan a kafa tokari a kansa. In ba a samu haka ba, sai a daddale cikon sosai, hawa-hawa ana yayyafa ruwa, sannan a shimfiɗa katako mai kaurin inci biyu da faɗin inci tara zuwa sama, dogo wanda zai ɗauki ƙafa biyu ko uku a jere. Katakon ya kwanta ɗaram, ba rami a ƙarƙashinsa.

Bulo ba ya cikin abin da ake ɗora tokari a kai. Bulonmu rami gare shi, kuma da yawansa yashi ya fi siminti. Haka dutse, haka tarin guntayen katako. Kada a kafa shi a kan murfin rijiya ko na shadda, ko a bakin ramin da aka haƙa. Da damina a yi wa ruwa hanya ya bi ta waje, a toshe ƙofofin da zai shigo. Idan aka yi ruwa cikin dare, kafin a kwaɓa ko buhu ɗaya sai an sake bin ƙafafun nan duka.

Yadda ake kafawa

Fara da awo. Da tiyon ruwa a fitar da layi ɗaya a jikin ginshiƙai da bango, misali mita ɗaya daga daɓe, daga shi ake auna komai. Kada a dogara da daɓen kansa, domin da wuya ya zama daidai ko'ina.

Tokari yana kwance za ka shirya shi. Mayar da zoben ƙasa-ƙasa a kan zarensa, amma ka bar kamar yatsa uku na zare a ƙarƙashinsa. Wannan saurar ita za ta ba ka damar sassautawa ranar saukewa. Wanda ya ƙure zoben ƙasa, ranar cirewa sai ya koma dukan tokari da guduma. Zaro ƙaramin bututun ya kusa tsawon da kake so, soka sakata a huji mafi kusa, ka tabbata ta fita ta ɗaya ɓangaren ta zauna a kan zobe ta gefe biyu. Kula da yatsunka a nan, domin ƙaramin bututun idan ya suɓuce yana datse hannu.

Mutum biyu ne aikin tsayarwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Babban bututu a ƙasa, ƙarami a sama. A fara da na ƙarshe biyu a kowane layi. In akwai ƙafa uku ta ƙarfe da ake maƙala wa tokari ya tsaya da kansa, a yi amfani da ita, in babu a ɗaure shi da katako a jikin ginshiƙi. A ɗora babban katako a kan farantin sama, ya zauna a tsakiyarsa sosai, a buga kusa aƙalla biyu ta ramukan farantin, sama da ƙasa. In katako biyu za su haɗu, mahaɗarsu ta faɗo a kan tokari. Akwai kai mai baki biyu irin na gwafa da ake sawa a sama, yana rungume katakon ya hana shi zamewa, ga wanda ya samu ya fi.

Daga nan a ja igiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a murɗa zobe har katakon ya zo daidai layi, sannan a cike na tsakiya. Su na tsakiyar da hannu ake ɗaure su har su kama, ba a sa musu dogon bututu a murɗa da ƙarfi, don kada su ɗaga katakon su bar maƙwabtansu suna lilo.

Kowane tokari a ɗora masa ma'aunin daidaito ta fuska biyu. Ƙa'idar da masu ƙera shi suke bayarwa ita ce kada karkatarsa ta wuce digiri ɗaya da rabi, wato kusan santimita biyu da rabi a kowace mita, kada kuma nauyi ya kauce daga tsakiyarsa fiye da santimita biyu da rabi. Wannan iyaka ce ta ƙarshe, kai dai nemi a miƙe cak.

Sai ɗauri. Tsintsiya ɗaya ba ta shara, tokari ma sai an haɗa shi da 'yan'uwansa. A bi layi da bututun ƙarfe da maɗaurinsa, ta tsawo da ta faɗi, a kuma sa wasu a gicciye daga ƙasan wannan zuwa saman wancan, domin ɗaurin gicciye shi ke hana jerin duka ya kwanta gefe guda. Gwargwadon tsawon tokari, gwargwadon bukatarsa ga ɗauri. Abu ɗaya kuma da ba a yi ko da wasa: ɗora tokari a kan tokari don a kai rufi mai tsawo, kamar na masallaci ko ɗakin taro. Mahaɗar nan gwiwa ce, tana jiran nauyi ta durƙusa. Irin wannan wuri hasumiyar ƙarfe mai ƙafa huɗu ake haɗa masa.

Ranar zubi

Da safe, kafin a tayar da inji, a bi tokari duka a girgiza kowane da hannu. Wanda ya motsa a ɗaure shi. A ware mutum ɗaya mai hankali wanda ba shi da wani aiki sai lura da ƙarƙashi, ya tsaya daga bakin ƙofa ko taga inda yake gani yana kuma iya fita, kuma kowa ya san in ya ce a tsaya, an tsaya. Kada a bar kowa ya zauna shan inuwa a ƙarƙashin inda ake zubi.

A sama, kada a jibge kankare wuri ɗaya a ce daga baya a baje. Tudun da ya kai gwiwa ya ninka nauyin kankaren da aka yi lissafi da shi sau uku. A zuba ana bajewa, a fara cike bim, sannan dekin. Idan aka ji ƙara, ko aka ga wani tokari ya yi baka, ko ruwan siminti ya fara zuba da yawa ta wuri ɗaya, a dakata, mutane su sauko, sai an gane dalili. Kada wani ya ruga ciki da nufin murɗa zobe ya ɗaga abin da ya riga ya sauka.

Saukewa

A nan haƙurin mutane yake ƙarewa. Mai haya yana ƙirga kwanaki, kafinta yana son katakonsa don wani aiki, mai gida yana son ya ga ɗakinsa. Kankare kuwa ba ruwansa da gaggawar kowa. Da kwana 28 ake auna cikar ƙarfinsa, a kwana bakwai bai wuce kusan kashi biyu cikin uku ba, shi ma in ana ba shi ruwa safe da yamma. Katakon gefen ginshiƙi da na gefen bim ana iya cire su bayan kwana ɗaya ko biyu. Tokarin ƙarƙashin dekin da bim kuwa, abin da magina na kirki suka saba a nan shi ne kwana 21, kuma a bim mai doguwar tazara ko a sanyin hunturu, lokacin da siminti yake jinkirin kamawa, a cika 28. Injiniya ne zai ba da izini, sauri kuwa shi ya haifi nawa.

Saukewar ma da tsarinta. A dekin ko bim da ke zaune a kan ginshiƙi ta ƙarshe biyu, daga tsakiya ake farawa a nufi gefe. A barandar da ta fito waje ba ginshiƙi a bakinta, daga bakin waje ake farawa a nufo bango. Hikimar ita ce kankare ya karɓi nauyinsa ta yadda aka jera masa rodi. A sassauta zobe kaɗan-kaɗan, zagaye ɗaya ko biyu a kowane, a bi layi, a dawo, har katako ya rabu da kankare. Ba a fizge sakata tokari yana ɗauke da kaya, ba a kuma dukan gindinsa ya faɗi.

In gidan sama ne, dekin na farko da bai daɗe ba ba zai iya ɗaukar ɗanyen dekin na biyu shi kaɗai ba. A bar tokari a ƙasa, ko a mayar da su, kuma na sama su tsaya saitin na ƙasa, nauyi ya bi ta cikinsu har ƙasa. Kada kuma a jibge bulo da yashi a tsakiyar sabon dekin.

Sauran amfaninsa

Aikinsa bai tsaya a dekin ba. Wanda yake son fasa bangon ɗaki ya mayar da shi shago, tokari ne zai riƙe masa abin da ke sama. Ana huda bangon sama da inda sabuwar linta za ta zauna, huji-huji da tazarar da ba ta wuce santimita 90 ba, a zura ƙarfe mai ƙarfi ko katako mai kauri ta kowane huji, a tokare shi ciki da waje. Sai bayan nan a fasa, a zuba linta ta hau bango aƙalla santimita 15 ta kowane gefe, a cike tsakaninta da bulon sama, a jira ta yi ƙwari. Idan bangon yana ɗauke da dekin, kada a taɓa shi sai injiniya ya gani.

A gidajen ƙasa ma yana ceto. Cikin watan Agusta, idan rufin soro ya sha ruwa azara ta fara saki, a fitar da iyali tukuna, sannan a shimfiɗa katako a ƙasa, a gicciya wani a ƙarƙashin azarori da dama, a tokare. A murɗa har ya kama kawai, domin ƙoƙarin mayar da rufi inda yake yana iya tsaga shi. Wannan riƙo ne na ɗan lokaci kafin a yi gyara. Haka ake tallafe bim ɗin da ya tsage ko matakalar bene da ake zubawa. Amma ba jak ba ne na ɗaga mota, kuma na tokare bangon rami a kwance ƙirarsa dabam ce.

Bayan aiki

Da an sauke, a kankare simintin da ya zuba masa tun bai zama dutse ba, a goge zaren da burushin ƙarfe a shafa masa giris, a mayar da ƙaramin bututu ciki a soka sakata. A jera su a kwance a kan katako, nesa da laka, kada a jefo su daga bene. In na haya ne, a ƙirga a gaban mai shi da sakatunsu, kamar yadda aka ƙirga ranar ɗauka. Wanda ya sami rauni a faɗa masa gaskiya a ware shi, domin gobe ƙarƙashin wasu bayin Allah za a kafa shi. Tokarin da aka kula da shi yana shekaru yana aiki, kuma kowane dekin da aka yi da shi, itatuwa ne da dama aka bari a tsaye a daji.

Idan gida ya kammala aka yi fenti aka tare, ba wanda zai ga alamar tokari, shi ya sa mai gini yake jin kamar kuɗin da ya kashe a kansa ya tafi a banza. Amma dekin da iyalinka za su kwana a ƙarƙashinsa shekara da shekaru, a cikin makonni ukun nan ya sami siffarsa da ƙarfinsa. Ranar da za a zuba naka, kafin ka hau sama ƙirgar siminti, sunkuya ka shiga ƙarƙashi da asuba, ka kama kowane tokari ka girgiza, ka dubi sakatarsa, ka dubi abin da ƙafarsa ta taka. In ka gamsu, sai ka ce a tayar da inji da sunan Allah.